Inda Lugga Ya Yi Mulki Kafin Ya Dawo Mana: Turanci da Kantonanci a Hong Kong

An kwafo wannan lacca daga faifan da aka ɗauka a zauren taro. An rage maimaici da gaishe-gaishe, sauran kuwa yadda mai laccar ya faɗa ne.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayena malamai, 'yan'uwa ɗalibai maza da mata, barkanmu da yamma. An nemi in yi magana a kan yadda harshe da al'ada ke cuɗanya a inda harsuna biyu suka zauna wuri ɗaya, ni kuma na zaɓi in kai mu Hong Kong.

Na san wani zai ce a ransa, malam, ina mu ina Hong Kong? To, akwai igiyar da ta ɗaure mu da su. Gwamna Lugga, wanda sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, da ya bar Arewa a 1906 bai daɗe a gida ba. A 1907 aka naɗa shi gwamnan Hong Kong, ya zauna can har 1912, daga can ne ya dawo ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Har gobe akwai titi mai sunansa a kan dutsen da ke kallon tashar jiragen ruwan birnin. Shi ne ya tsaya kai da fata sai da aka kafa Jami'ar Hong Kong, wadda ta buɗe a 1912, kuma ya dage a kan cewa da Turanci za a riƙa koyarwa a cikinta. Haka abin yake har yau. Ban da Lugga, 'yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou saro kaya suna taka asalin ƙasar harshen da za mu yi magana a kai, wato Kantonanci, domin Guangzhou ɗin ne Turawa ke kira Kanton. Waɗanda kuma suka tashi da kallon finafinan Chanis a silima, na su Bruce Lee da Jackie Chan, yawanci kayan Hong Kong suka kalla.

Tarihin a gurguje. Daga 1757, Guangzhou ce kaɗai tashar da sarakunan Sin suka yarda Turawa su yi ciniki a cikinta, kuma an hana 'yan ƙasa koya wa baƙi Sinanci. Ciniki kuwa ba ya yiwuwa da bebanci, sai wani gurɓataccen Turanci na kasuwa ya tsiro tsakanin fatake da dillalai. Masana da yawa na ganin kalmar pidgin, wadda muke kiran Turancin buroka da ita a Nijeriya, a bakin waɗancan dillalai aka haife ta, daga yadda suke furta kalmar Turanci mai nufin harkar kasuwanci. Daga baya rigima ta ɓarke a kan ofiyam, abin mayen da Turawan Birtaniya ke shigarwa ƙasar Sin, aka gwabza daga 1839 zuwa 1842, Birtaniya ta yi rinjaye ta karɓe tsibirin Hong Kong. A 1860 ta ƙara da yankin Kowloon, a 1898 ta karɓi hayar wani babban yanki na shekara 99. Ranar 1 ga Yuli, 1997, aka mayar wa ƙasar Sin da wurin gaba ɗaya.

Ku riƙe wannan lissafi, domin a kansa laccar take. Bayan fiye da shekara 150 ana mulki da Turanci, ƙidayar 2021 ta nuna cewa cikin mutum miliyan 7.4 da ke birnin, kimanin kashi 88 cikin 100 Kantonanci ne harshensu na yau da kullum. Masu Turanci a matsayin harshen gida ba su kai kashi 5 ba, alhali fiye da rabin jama'a na iya magana da shi. Ku kwatanta da Singafo, wadda ita ma Birtaniya ta mulka, kuma yawancin mutanenta 'yan asalin Sin ne. A can ƙidayar 2020 ta nuna Turanci ne harshen da aka fi yi a gida, kusan rabin jama'a. Me ya sa ya shiga ɗaki a Singafo amma a Hong Kong ya tsaya a zaure?

Kafin in amsa, bari mu san harshen. Kantonanci harshen kudancin Sin ne, masu magana da shi da danginsa na kusa sun kai kimanin miliyan 80 a duniya. Mai jin Mandarin kaɗai, wato daidaitaccen Sinancin Beijing, ba zai fahimci hirar Kantonanci ba. Harshe ne mai karin sauti kamar namu. Mu muna rarrabe kuka na hawaye da kuka ta miya, wuya ta jiki da wuya ta wahala, da hawa da saukar murya. Su nasu karin shida ne. Gaɓa guda, si, in ka ɗaga ta sama ta zama waƙa, in ka sauya kari ta zama tarihi, ko gwaji, ko lokaci, ko kasuwa, ko al'amari. Wannan ya sa Turawan da suka ƙware da shi ba su da yawa, ko da yake tun 1862 gwamnati ta soma ɗauko matasan jami'ai daga Ingila tana sa su koyi harshen, kamar yadda aka riƙa sa joji-jojin Arewa cin jarrabawar Hausa. Ɗaya daga cikinsu, Cecil Clementi, ya ƙware har ya fassara waƙoƙin soyayya na Kantonanci zuwa Turanci, daga baya ya zama gwamna a 1925.

Amma irin su Clementi tsiraru ne. Tsarin da aka gina shi ne Bature a sama, talaka a ƙasa, tafinta da dillali da akawu a tsakiya. Har zuwa 1974 Turanci ne kaɗai harshen hukuma. Dokar da za ta ɗaure mutum, da sammacin da za a aiko masa, da hukuncin da alƙali zai yanke masa, duk da harshen da ba ya ji. A 1904 ma an yi dokar da ta hana Sinawa zama a unguwar kan dutse, in ba masu aikin gida ba, ba a kawar da irin wannan hani ba sai 1946. Mulkin mallaka bai buƙaci kowa ya iya Turanci ba, abin da ya buƙata shi ne 'yan kaɗan da za su tsaya a tsakani. Saboda haka tun farko mutanen Hong Kong suka ɗauki Turanci a matsayin tsani na hawa aiki da muƙami. Ba su ɗauke shi harshen da ake yi wa uwa magana da shi ba. A Singafo kuwa akwai Malayawa da Indiyawa da Sinawa masu harsuna daban-daban, gwamnati bayan samun 'yanci ta zaɓi Turanci ya haɗa su, ta kuma matsa wa Sinawan lamba su bar harsunan gidajensu su kama Mandarin. Hong Kong ba ta buƙaci Turanci don wannan aiki ba, tana da mai haɗa ta.

Yadda aka yi ta samu mai haɗa tan shi ne abin da nake so mu tsaya a kai. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a 1945, mutanen birnin kimanin dubu 600 ne. Yaƙin basasa a Sin da hawan Kwaminisanci mulki a 1949 suka koro jama'a, kafin 1961 sun haura miliyan 3. Waɗannan baƙi ba duka ne ke jin Kantonanci ba. Akwai masu harshen Hakka, da na Chiu Chow, da masu kuɗin Shanghai da suka zo da injinan saƙarsu. A ƙidayar 1961 masu Kantonanci kashi 79 ne, shekara goma bayan haka sun kai 88. 'Ya'yan baƙin sun tashi a gidajen haya na gwamnati masu hawa-hawa, suna wasa tare, suna makarantar firamare tare, suka fito da harshe guda. Dole mu faɗi gaskiya a nan, Kantonancin da ake tausaya wa yau shi ma ya haɗiye ƙananan harsuna, jikoki da yawa ba sa iya hira da kakanninsu da Hakka.

Sai kuma akwatin talabijin. A 1967 tashar TVB ta fara watsa shirye-shirye kyauta, da layi biyu, ɗaya da Kantonanci ɗaya da Turanci, kuma na Kantonancin ne jama'a suka rungume. A lokacin nan ana raina harshen a fagen fasaha. Matashi mai ji da kansa waƙar Turanci yake saurare, manyan finafinai da Mandarin ake yin su, har ya kasance a farkon shekarun 1970 fim na Kantonanci ya kusa ɓacewa. Mawaƙi Sam Hui da waƙoƙin Turanci ya fara. Da ya juyo ya soma waƙa da Kantonancin kan titi, yana maganar ɗan ƙwadago da tsadar rayuwa da maigidan da ba ya ƙara albashi, sai gari ya ɗauka. Ba ƙaramin aiki ba ne kuwa, don a wannan harshe dole kiɗa ya bi karin sautin kalma, in murya ta hau inda ya kamata ta sauka ma'ana ta ɓaci. Kafin shekarun 1980 waƙa da fim na Hong Kong sun mamaye gabashin Asiya. A daidai wannan zamani ne ɗalibai da malamai suka yi ta fafutuka, bayan tarzomar da ta ɓarke a birnin a 1967, har gwamnati ta amince da Sinanci a matsayin harshen hukuma na biyu a 1974. A ganina waƙa da fim da talabijin sun yi wa harshen aikin da ya fi na dokar, domin su ne suka sa yaro ya ji ba abin kunya ba ne ya zama mutumin Hong Kong mai magana da harshen gidansu.

To, ina Turanci ya shiga? Ya shiga cikin Kantonancin kansa. Motar bas suna ce mata basi, tasi kuma diksi, kanti sido, ƙwallo bo, cuku jisi, gasasshen burodi dosi. Ku lura da yadda suke raba baƙaƙen da suka cunkushe su sa wasali a tsakani, daidai yadda muka yi da burodi da buroshi da sukurudireba. Kuma kowace ararriyar kalma sai an sa mata karin sauti, gaɓar da Bature ke nauyayawa ita ake ɗagawa sama. Kalmar diksi ma ta tsallaka ta shiga bakin masu Mandarin a cikin ƙasar Sin.

Wannan aro ne tsoho. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne surkin da ake yi yanzu. Ka shiga ofis, wata ma'aikaciya ta juyo ta tambayi abokin aikinta: nei book zo fong mei? Wato, ka kama ɗakin taron ko tukuna? Kalma ɗaya ce ta Turanci a ciki, book, kuma an liƙa mata zo, wadda ke nuna aiki ya kammala. Ba a sa mata ɗafa-ƙeyar Turanci ba, an bi da ita yadda ake bi da kowane aikatau na gida. Ga wani misalin da ya fi wannan. In Bakantone zai yi tambayar e ko a'a, maimaita kalma yake yi ya sa m a tsakiya, wadda ke nufin ba. Sik m sik, za ka ci ko ba za ka ci ba. In kalmar mai gaɓa biyu ce, sai ya ɗauki gaɓar farko kawai ya maimaita. To, haka suke yi wa Turanci. O m OK, ya yi ko bai yi ba. Hap m happy, kana farin ciki ko kuwa. Sun fasa kalmar Bature gida biyu sun cusa nahawunsu a ciki. In kuma Turancin suke yi, sai ka ji sun rufe jimla da 'yan ƙananan kalmominsu, la, lo, wo, waɗanda ke ɗauke da lallashi ko mamaki ko ƙosawa, kwatankwacin aikin da fa da dai da mana ke yi mana.

Akwai ladabin da ke tafe da wannan surki, wanda ba a rubuta ba amma kowa ya san shi. Sinawa biyu 'yan Hong Kong, ko da duk sun yi digiri a Ingila, in suka haɗu ba za su yi hira da tsantsar Turanci ba. Wanda ya yi haka za a ce yana iyayi, ko yana nesanta kansa da mutane. Wanda kuma ya dage sai ya kira kowane kayan ofis da sunansa na littafin Sinanci, za a ga ya cika tsauri. Tsakiyar ita ce maganar mutanen kirki. Wani masani, John Gibbons, ya yi nazarin ɗaliban Jami'ar Hong Kong ya fitar da sakamakon a 1987, ya tarar surki ne maganarsu ta kullum a tsakaninsu, amma in aka nemi ra'ayinsu a kansa sai su kushe shi.

Wani amfanin Turanci a wurinsu shi ne sauƙaƙa abin da al'ada ta nauyaya. Yawancin mutanen birnin suna da sunan Turanci ban da na yanka, wani malamar firamare ce ta raɗa masa, wani shi ya zaɓa da kansa. Shugabannin birnin ma haka aka san su, Donald Tsang, Carrie Lam, John Lee. Kada ku yi saurin cewa ƙasƙantar da kai ne. A al'adarsu kiran mutum da sunan yanka tsirara na iyaye ne da aminai, kiransa da sunan dangi da muƙami kuma yana sa tazara. Abokin aiki ba amini ba ne, ba kuma baƙo ba, sunan Turanci ya cike wannan gurbi. Haka batun dangi. Kantonanci ya rarrabe wan uba da ƙanen uba da ɗan'uwan uwa, kowa da sunansa, mu da muke da baffa da kawu da gwaggo da inna ba za mu yi mamaki ba. Yaro ba zai taɓa kiran wan babansa da kalmar Turanci a taron sabuwar shekara ba, sai da sunan da ya dace. Amma mahaifin abokinsa, wanda ba shi da gurbi a wannan tsari, uncle ne, mahaifiyar kuma auntie. Ɗan sanda da malamin makaranta a sir ake ce musu, an ɗauki kalmar girmamawa ta Bature an sa mata a ɗin da suke sa wa sunayen na kusa. Godiya ma iri biyu gare su, m goi ga wanda ya yi maka hidima, do je ga wanda ya ba ka kyauta.

In kana son ganin wannan haɗuwa da idonka, ka shiga abin da suke kira cha chan teng. Gidajen cin abinci ne masu araha da suka yawaita daga shekarun 1950 da 1960, lokacin da abincin Turawa na manyan otal ya fi ƙarfin ma'aikaci, sai masu dafa abinci suka kwaikwaye shi da kayan gida. Wurin a cike yake, ana haɗa ka tebur da wanda ba ka sani ba, ba wanda zai ce maka kanzil. Can ciki mai shayi na juya baƙin shayi mai kauri daga buta zuwa buta ta cikin dogon matacin yadi da ya rine ya yi ja, sannan ya zuba madarar gwangwani. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi da safe zai gane hannun. Akwai wanda ake haɗa shayi da kofi a kofi ɗaya, sunansa yunyong, sunan wasu agwagi ne da ake gani bibbiyu. In ba ka son ƙanƙara ka ce jau bing, wato ƙanƙara ta tafi. Yaron da ke ɗaukar oda kuwa, in ka ce shayi da lemon tsami, sai ya rubuta sifili da harafin T a 'yar takardarsa. Dalili, sunan sifili a harshensu ya yi kama da gaɓar farko ta sunan lemon, harafin kuma sautinsa shi ne shayi da Turanci. Alama biyu, harshe biyu, kuma mai dafawa ya gane nan take. Yau gwamnatin birnin ta sa haɗa wannan shayi cikin jerin al'adun gado da ake karewa.

Aron bai tsaya a hanya ɗaya ba. Babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya shigar da kalmomin Hong Kong da dama a 2016, a 2018 kuma ya shigar da add oil, fassarar ga yau, wato ƙara mai, abin da suke faɗa wa mai jarrabawa ko ɗan wasa don ƙarfafa masa gwiwa. A wuraren ajiye motoci za ka ga an rubuta shroff a kan tagar biyan kuɗi, kalmar da mutumin Landan ba zai gane ba. Ta biyo Turawa ne daga Indiya, asalinta kuwa Larabci ne, sarraf, mai canjin kuɗi. Sunayen wurare ma taswira biyu ce a kan ƙasa ɗaya. Unguwar da Bature ya kira Aberdeen, 'yan gari Ƙaramar Hong Kong suke ce mata da harshensu, Stanley kuma Chek Chu, kuma tsohon direban tasi na gida zai fi saurin ganewa.

Yanzu mu zo inda abin yake da ciwo, wato makaranta. Da aka wajabta karatun shekara tara kyauta a 1978, iyaye suka yi tururuwa zuwa sakandaren da ke koyarwa da Turanci, har ya zama kusan tara cikin goma na makarantun da sunan Turanci suke tafiya. Amma me ke faruwa a aji? Littafi da Turanci, jarrabawa da Turanci, malam kuwa ya karanta layi ɗaya ya yi bayani da Kantonanci surke da kalmomin fannin. Yara da yawa hadda suke yi ba fahimta. Sabuwar gwamnatin da ta hau a 1997 ta ce a gyara, daga 1998 aka umarci yawancin sakandare su koma koyarwa da harshen uwa. Makarantu 100 aka bari da Turanci, aka ƙara 14 bayan sun ɗaukaka ƙara. Ta fuskar ilimi manufar tana da hujja, kuma bincike ya nuna yaran da aka koyar da harshensu sun fi gane kimiyya da tarihi a ƙananan azuzuwa. Sai dai an bar ƙofar jami'a da ta manyan ayyuka da makullin Turanci. Nan da nan waɗancan 114 suka zama makarantun 'yan gata, sauran aka ɗauke su na waɗanda ba su ci ba, kuma aka ga ɗalibansu na shan wuya wajen samun gurbin jami'a. A 2010 gwamnati ta sassauta, ta bar makarantu su zaɓa aji-aji. Ni ban ga laifin iyayen nan ba ko kaɗan. Uban da ke hira da ɗansa da Kantonanci dare da rana, yana alfahari da harshen, shi ne kuma ke neman a koyar da ɗan da Turanci, don ya san inda abinci yake. Wanda ya ɗaga harshen uwa a aji ya bar shi ƙasa a wurin ɗaukar aiki, ya ɗora wa talaka nauyin gyaran da bai kammala ba.

Akwai kuma wani rauni da Kantonanci ke da shi wanda ba Turanci ne ya jawo ba. Abin da yaro ke faɗa daban, abin da ake koya masa ya rubuta daban. Rubutaccen Sinanci na makaranta da jarida a kan nahawun Mandarin aka gina shi. Yaro na cewa m hai in yana nufin ba haka ba ne, amma a takarda dole ya rubuta haruffan da ake karantawa bat si, abin da ba mai faɗa a hira. Akwai hanyar rubuta Kantonancin baki, ana ganinta a tallace-tallace da mujallun barkwanci da saƙonnin waya, matasa sun raya ta ƙwarai a intanet, amma in ɗalibi ya sa ta a jarrabawa jan biro zai sha.

Ta wannan ɓaraka ce matsin yau ke shigowa. Dokar 1974 da babbar dokar birnin ta bayan 1997 duk Sinanci suka ce, ba su fayyace wanne ba. Manufar gwamnati ita ce yaro ya iya rubutu biyu, Sinanci da Turanci, da magana uku, Kantonanci da Mandarin da Turanci, kuma a jirgin ƙasa na ƙarƙashin birni da ukun ake sanarwa. Amma makarantun firamare da yawa sun koma koyar da darasin Sinanci cikin harshen Mandarin. A 2014 ma'aikatar ilimi ta wallafa cewa Kantonanci karin harshe ne kawai ba harshen hukuma ba, jama'a suka yi ca, sai da ta janye ta ba da haƙuri. A Guangzhou kanta mutane sun fito kan titi a 2010 da aka kawo shawarar rage shirye-shiryen Kantonanci a talabijin, kuma a can yara da yawa yanzu Mandarin ya fi zama a bakinsu. Saboda haka a Hong Kong ta yau, surka Turanci cikin magana ya zama ɗaya daga cikin alamomin da ɗan gari ke bambanta kansa da su daga mutumin babban yankin Sin. Inda Turanci ke cin Kantonanci da gaske shi ne ƙasashen waje, a Vancouver da Toronto na Kanada inda aka yi ƙaura kafin 1997, da biranen Birtaniya da dubban iyalai suka koma tun da aka buɗe musu sabuwar biza a 2021. A can unguwa da filin wasa da talabijin duk na Turanci ne, iyaye na kai yara ajin ranar Asabar don kada harshen ya kuɓuce. Shugaban taro na nuna mini agogo, zan tsaya nan a karɓi tambayoyi.

Wata ɗaliba ta tambaya: Allah ya gafarta malam, ke nan Ingausar da muke yi ba matsala ba ce?

'Yata, abin da zan ce ki duba shi ne nahawun wa ke ɗauke da jimlar. In kin ce na yi booking, Hausa ce ke tuƙi, kamar yadda Kantonanci ke tuƙi a misalin da na kawo. Ban ce kyau ne a bar kalmar gida ta mutu saboda lalaci ba, musamman ga mai rubutu da mai aikin rediyo. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gidan da uwa da uba duk Hausawa ne, suka yanke shawarar ba za su yi wa yaro Hausa ba sam don ya iya Turanci. Wannan ne mutanen Hong Kong, in ka cire 'yan kaɗan, ba su yi ba.

Wani ɗalibi ya tambaya: Malam, akwai Musulmi a can? Su wane harshe suke yi?

Akwai su, tun farkon zuwan Turawa, don da sojoji da 'yan sanda da fatake daga Indiya aka kafa mulkin. Akwai babban masallaci a kan titin Nathan a Kowloon, ba nisa da ginin Chungking Mansions inda 'yan kasuwar Afirka, har da 'yan Nijeriya, suka daɗe suna sauka sayen wayoyi. Akwai Musulmi Sinawa, akwai kuma dubban mata 'yan Indonesiya masu aikin gida, waɗanda da yawansu ke koyon Kantonanci don kula da tsofaffi, yayin da 'yan Filifin suka fi yin Turanci da yaran gidan. Waɗanda lamarinsu ya fi taɓa ni su ne jikokin 'yan Pakistan da Indiya da Nepal da aka haifa a birnin. Yaro zai yi maka Kantonanci kamar kowa, in ta waya ne ba za ka gane ba. A zamanin Turawa Turancinsa ya ishe shi samun aikin gwamnati. Bayan 1997 aka soma neman shaidar iya rubutun Sinanci a yawancin ayyukan, shi kuwa makarantar da aka tura shi ba ta koya masa dubban haruffan nan yadda ya kamata ba, a gida kuma ba mai taimaka masa da aikin makaranta. Sai a 2014 gwamnati ta fito da tsarin koyar da Sinanci a matsayin harshe na biyu ga irin waɗannan yara, kuma ƙungiyoyin da ke tsaya musu na ci gaba da kukan cewa malaman da aka horar don wannan aiki ba su wadata ba.

Na gode, ranka ya daɗe. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.